Wata biyu ina koya wa kwamfuta nahawun Hausa da GF

Wani abokin karatuna a Samaru ne ya fara nuna mini Grammatical Framework, wanda ake taƙaitawa GF. Harshen rubuta manhaja ne da aka ƙera musamman don rubuta nahawun harsunan mutane. Aarne Ranta ne ya soma shi a 1998 a Faransa, daga baya aikin ya koma Suwidin. Kyauta ake sauke shi.

Tsarinsa shi ne ka rubuta ma'anar jimla sau ɗaya a fayil guda, sannan kowane harshe ka buɗe masa nasa fayil inda za ka nuna yadda yake furta wannan ma'ana. Ni da jimlolin cefane na fara, irin waɗanda ake ji a kasuwar Sabon Gari, Hausa da Turanci.

Kalmar "saya" ce ta sa na ƙaunace shi. Muna cewa ya sayi shinkafa, ya saye ta, abin da ya saya. Tun ina yaro nake faɗin haka daidai, amma sai da GF ya nemi in jera masa siffofin uku a tebur, kowace da sharaɗinta, sannan na ga kyawun abin. Akwai umarnin gr da ke zubo jimloli barkatai daga dokokin da ka rubuta. Wani dare wuta ta ɗauke, batir ya kusa ƙarewa, ya fito mini da "rigan malam". Na tsaya ina kallo. Haka muke faɗa a Zazzau, ni ne kuma na shigar da shi ban lura ba. A daidaitacciyar Hausa "rigar malam" ne. Washegari na buɗe wa Zazzaganci fayil nasa, don ban ga dalilin share shi ba.

Jam'i ya ba ni wuya: gidaje, kujeru, littattafai, yawancinsu da hannu na shigar. Bayanan koyonsa da na yi amfani da su da Turanci suke, kuma wanda bai taɓa ganin Haskell ba, wato wani harshen rubuta manhaja mai kama da GF, zai sha fama a makon farko. Kada ka ɗauka zai fassara maka jarida. Abin da ka koya masa kaɗai ya sani, amma ba ya kauce masa.

Ɗaliban nazarin harshe nake fi so su gwada shi. Yanzu ina kan "sun zo" da "yaran da suka zo".