Gargaɗi ga 'yan'uwa na Bronx: ku yi hattara da mai tallar diraya ta gas

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai wani mutum da ke bin guruf-guruf ɗinmu na WhatsApp yana tallar tsohuwar diraya, wato injin busar da tufafi, mai aiki da gas, wai ta fi ta lantarki sauƙin kuɗi, kuma shi zai kawo har gida ya ɗaura kyauta. Don girman Allah kada ku bari ya taka muku ƙofa. Gidan ƙanwata ya shiga, Allah ne kawai ya sa da sauran shan ruwa.

Cire ta lantarki a sa ta gas ba kamar sauya firij ba ne. Ta lantarki soket babba take ci mai volt 240. Ta gas ƙaramin soket mai 120 take so, sannan a jawo mata bututun gas, kuma a birnin New York doka ba ta yarda kowa ya taɓa wannan bututun ba sai falamba mai lasisi. Da ƙanwata ta nemi ganin lasisinsa sai ya yi dariya, wai tsakanin 'yan'uwa Musulmi har sai an nemi takarda? Kunya ta kama ta, ta yi shiru. Nan ya ci ta.

Da na sauka ɗakin ƙasa na leƙa bayan injin, jikina ya yi sanyi. Maimakon bututun ƙarfe mai inci 4 da zai huda bango ya kai hayaƙi waje, farar tiyon roba ya maƙala, ya sa bakinta cikin wani ɗan akwatin roba mai ruwa, nan cikin ɗaki. Irin wannan akwatin don ta lantarki ake sayar da shi, tunda ita tururi da burbushin zare kawai take fitarwa. Ta gas kuwa wuta ce take ci a cikinta, kuma cikin hayaƙinta ana iya samun kabon monoksaid, iskar da ba wari ba launi, mutum yana barci ta gama da shi.

Kwana da kwanaki, duk ranar wanki sai yara su kama ciwon kai da jiri da tashin zuciya. Uwarsu ta ɗauka mura ce, tana ta dafa musu citta da lemon tsami. Sai da ƙararrawar gargaɗin kabon monoksaid da ke sama ta tsala kuka da dare, 'yan kwana-kwana suka zo suka rufe gas ɗin. Falamban da muka kira daga baya ya nuna mana tsohuwar tiyon gas da mutumin ya ciro daga wani gida ya sake ɗaurawa, alhali sabuwa ake sawa duk lokacin da aka sauya inji. Ya shafa ruwan sabulu a mahaɗar, sai ga kumfa na tasowa.

Shi kuwa mai tallar, ta Zelle, manhajar tura kuɗi, ya karɓi kuɗinsa, ba rasit, yanzu lambarsa a kashe.

Idan ya riga ya yi muku aiki, ku murɗe makunnin gas ɗin da ke bayan injin yau ɗin nan, kada ku sake busar da ko safa ɗaya sai mai lasisi ya duba. In kuwa kun ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, kada ku taɓa makunnin fitila, ku kwashe yara ku fita, sai kun je waje ku kira 911.