Littafin yaƙe-yaƙen Larabawa da Isra'ila: babi ɗaya ya hana ni barci, wani ya ɓata min rai

Tun kafin azumi na sayi littafin nan a wajen wani mai baza littattafai a bakin masallacin Juma'a, a kuɗin da kowa ya san ana sayar da irinsu yanzu. Na Turanci ne, mai kauri, ya ɗauko labari daga yaƙin 1948 har zuwa shigar Isra'ila Labanon a 1982. Ya yi kusan wata biyu a kan durowa yana shan ƙura, sai wani dare da aka ɗauke wuta, waya ba caji, na jawo shi da tocila.

Babin 1967 ne ya kama ni. Ni dai abin da na tashi da shi, an gwabza kwana shida, Larabawa sun sha kashi, an ƙwace Ƙudus, shi ke nan. Ashe tun safiyar farko aka yi ta ta ƙare. Ranar 5 ga Yuni jiragen Isra'ila suka bi ta saman Bahar Rum ƙasa-ƙasa don kada na'urar hango jirage ta gan su, suka tarar da jiragen Masar a jere a filaye, suka ragargaza kusan 300 kafin azahar. Abin da ya fi tsaya min a rai, a daidai lokacin babban kwamandan Masar, Abdulhakim Amir, yana cikin jirgi a sama zai je Sina'i, saboda haka an riga an umarci masu kakkaɓo jirage kada su yi harbi. Sojojin Jodan da ke Ajlun sun hango jiragen, sun aika wa Masar da kalmar sirri, "inabi", amma an sauya kalmomin sirrin, saƙon bai yi amfani ba. Wallahi sai da na ajiye littafin na yi salati.

Marigayi kawuna ya sha ba mu labarin yadda suka yi cincirindo a gaban rediyo suna laluben tashar Sautul Arab ta Masar, ana shelar an kakkaɓo jiragen Yahudawa da dama, su kuma suna kabbara. Sai a littafin nan na gane cewa ba su kaɗai aka ruɗa ba. Sarki Husaini na Jodan ma an gaya masa Masar ce ke da galaba, ya tsunduma, ya yi asarar Gaɓar Yamma da gabashin Ƙudus. Shi kansa shugaban Masar Jamal Abdunnasir sai da rana ta yi nisa aka faɗa masa gaskiya. Har kiran assalatu ina kan wannan babi. Da a nan na tsaya, da yabo kawai zan rubuta.

To, sai na iso 1973, yaƙin da na fi ɗokin karantawa, na 10 ga Ramadan. Ana cikin bayanin yadda Misirawa suka yi dabarar feshin ruwa da manyan mesa suka zaizaye tudun yashin Barleb, shingen da Isra'ila ta gina a gaɓar mashigin Suwez, na juya shafi, sai ga ni a wajen da janar ɗin Isra'ila Ariyel Sharon ya riga ya tsallaka yamma da mashigin, ana shirin yi wa Runduna ta Uku ta Masar ƙawanya. Shafuka 16 babu su. Ba yagewa suka yi ba, tun wajen ɗinki aka tsallake. Wato nasarar da shugaban Masar Sadat ya samu a kwanakin farko ita ce ta salwanta, kashin da aka sha kuwa ko layi bai ɓace ba.

Juma'ar da ta zagayo na mayar wa mai littattafan. Na ce, "Malam, dubi nan fa." Ya juya shi sama da ƙasa, ya ce, "Ranka ya daɗe, haka suka zo a kwali, ni ban buɗe ba." Na ce a canza min, ya ce wannan ne na ƙarshe. Kuɗi kuma ko zancensu bai yarda an yi ba.

Haushin nan ne ya tuna min da abubuwan da na kawar wa kai tun farko. Taswirorin duk sun dushe kamar an yi musu fotokofi sau goma, ba ka bambance Tuddan Golan da tafkin Ɗabariyya. Wannan laifin masu bugun jabu ne, na yarda. Amma shi ma marubucin yana da nasa: ya ƙirga tankoki ɗaya bayan ɗaya, sunayen janar-janar kamar a ɗauki rajista, sai dai Falasɗinawa sama da 700,000 da suka rasa gidajensu a 1948 bai ba su fiye da shafi biyu ba. Afirka kuwa kamar babu ita, alhali a watan Oktoban 1973 ɗin gwamnatin Gowon ta yanke hulɗa da Isra'ila, ba a maido ba sai 1992.

Yanzu haka littafin yana hannun ƙanena. Na maƙala masa takarda a inda shafukan suka ɓace, na rubuta cewa idan ya iso nan ya kira ni mu yi jimami tare.