Debian 12 a kan laftof ɗin da ya ƙi ganin waifai

Debian 12, manhajar Linux mai tafiyar da kwamfuta kamar yadda Windows ke yi, wadda ake kira Bookworm, ta fito a watan Yunin 2023 da gyaran da ya fi yi mini daɗi: fayilolin da yawancin katunan waifai ke buƙata kafin su tashi suna cikin faifan girkawa na hukuma. A Debian 11 sai ka nemo su daban ka zuba a filashi. Masu haɗa Debian sun kaɗa ƙuri'a a 2022 suka sauya tsarin, kuma sun kyauta. Mai katin Intel yanzu da wuya ya sha wahala.

Nawa katin bai shiga wannan sahu ba. Laftof ɗin na hannu ne, siriri, ba shi da ramin kebul na intanet, ga shi ƙaramin faifan netinst na ɗora a filashi, wanda daga intanet yake jawo sauran manhajoji. Da muka zo matakin gano na'urar sadarwa, sai shuɗin allon ya ce bai ga kati ba, ya jero mini sunayen direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke sa kati ya yi aiki, in zaɓa. Babu nawa a ciki. Kamfanin da ya ƙera katin ya rufe direbansa, dole sai an sauko da shi daga intanet an haɗa shi a kan kwamfutar, ita kuwa ba ta da hanyar shiga intanet ɗin.

Wayata ta Android ce ta fitar da ni. Na jona ta da kebul, na kunna raba intanet ta USB, na koma baya aka sake bincike, nan take aka gan ta. A kula da kebul ɗin: wasu na caji ne kawai, ba sa ɗaukar bayanai. Wajen zaɓar fuskar tebur, Xfce mara nauyi na zaɓa maimakon GNOME saboda data ba ta da arha.

Bayan an gama, umarnin lspci -nn ya nuna mini lambar katin. Na ƙara non-free, sashen rufaffun manhajoji, a fayil ɗin sources.list mai jera wuraren da ake sauko da manhajoji, na girka linux-headers-amd64, fayilolin da ake buƙata wajen haɗa direba, da direban ta hanyar dkms, manhajar da ke haɗa shi. Duk da haka waifai shiru, domin Secure Boot, tsaron da ke aiki lokacin tayar da kwamfuta, ba ya barin direban da ba a sa wa hannu ba ya hau. Ana iya yi wa makullin sa hannun rajista da umarnin mokutil, ni dai kashe Secure Boot ɗin na yi a BIOS, wato saitin da ake shiga da zarar an kunna kwamfuta.

Tun daga nan waifai ya kama, bai sake yankewa ba, kuma duk sabuntawar da ta taɓa zuciyar tsarin, dkms na sake haɗa direban da kansa. Ina ba da shawarar Debian 12 ba tare da ɗar-ɗar ba, amma kafin ka goge Windows, ka tayar da faifan gwaji na Debian, wanda ke aiki ba tare da an girka shi ba, daga filashi ka ga ko waifai zai kama, wayarka da kebul mai kyau suna kusa.