Hitar dizal a tsohuwar HiAce, ga abin da na gani a sanyin Tabuk

Masu tambayata wane irin daffaya, wato hitar ɗumama wuri, nake sawa a mota in za mu kashta, wato fita yawon kwana a daji, toh ga amsa. Motata tsohuwar HiAce ce da na cire kujerun baya na sa katako da katifa, in murabba'aniyya, wato kwana arba'in na tsananin sanyi a Saudiyya, ta shigo wajen 7 ga Disamba sai mu bar Madina mu nufi Tabuk ko Ha'il. Wanda bai taɓa fita daga Jidda ba wallahi bai san sanyi ba, dutsen Jabal Lauz da ke yankin Tabuk ya haura mita 2,500 kuma ƙanƙara na sauka a kansa, garin Turaif da ke arewacin ƙasar ma an taɓa auna digiri 12 ƙasa da sifili. Ita kuwa tsohuwar mota gwangwani ce kawai, hitarta ta asali da zafin ruwan inji take aiki, kana kashe inji ta gama nata.

Barin inji a kunne har asuba ba shawara ba ce, balle tsohuwar mota da salansa ya fara huji, hayaƙin ta ƙasa zai shigo maka kana barci. Gawayi kuma don Allah kar ma a fara, duk shekara difa'il madani, wato 'yan kwana-kwana na Saudiyya, sai sun yi gargaɗi a kan masu shiga da gawayi tanti ko ɗaki, iskar da ke kisan ba ta da wari ba ta da launi. Daffayar gas ƙarama tana da zafi nan take, amma a cikin motar take ƙonewa, iskarka take ci, ga shi tana fitar da laima, da safe gilashi na tsiyayar ruwa bargo ya yi danshi. Ta shan shayi ce ƙofa a buɗe, ba ta kwana ba.

Abin da na tsaya a kai shi ne hitar dizal ɗin nan ta China mai ƙarfin kilowat biyar (5kW), kwaikwayon Webasto da Eberspächer na Jamus ce, su na asalin kuɗinsu ya ninka nata sau da yawa. Abin da ya burge ni, wutar a rufe take ci cikin wani ɗan ɗaki na ƙarfe, iskar ƙonawa daga waje take jawowa, hayaƙin ma waje yake fita ta bututu a ƙasan mota, fanka ne kawai ke hura iskar ciki ta jikin ƙarfen mai zafi. Shi ya sa zafinta busasshe ne, ka tashi sallar asuba ka shafa gilashi babu ɗigon ruwa, ka ajiye butar alwala kusa da bakin iskar ruwan ya saki. Mai kuma ba ta ci sosai, bai kai rabin lita a awa ba in ba ka ƙure ta ba, kuma da tankinta na roba mai lita 10 take zuwa, kenan ko motarka ta fetur ce ba matsala.

Amma fa duk sirrin a wajen ɗaurawa yake. Mu'allim ɗin, wato makanikin, da ya yi min a sana'iyya, unguwar makanikai, sai da ya kwanta ƙarƙashin mota yana ƙwanƙwasa ƙasan da sukudireba don kar ya huda kusa da tanki, ya karkata bututun hayaƙin gefe nesa da ƙofa da taga, ya ce min "ya akhi wannan bututun shi ne ranka." Tiyon mai da ke cikin kwalin ma mai laushi ne, ya canza shi da mai tauri. Na kuma sa ƙararrawar nan mai gano iskar guba kusa da matashi, wannan kar wanda ya yi rowar kuɗinta.

Aibunta akwai. Famfon mai yana tak tak tak duk dare, Baba Alhaji da muke tafiya tare cewa ya yi agogon bango aka sa masa a ka, sai da muka rataye famfon da roba sannan ya lafa. Wajen tashi tana jan wuta kusan amfiya 10 na 'yan mintuna saboda fulogin da ke kunna ta, daga baya ta koma kaɗan, toh in batirin mota kaɗai ka dogara da shi kuma dama ya tsufa, da safe turi za ku yi a cikin yashi, ka sa mata nata batirin daban. Kuma ba a cire mata wuta tana aiki, a kashe ta maɓalli a bar fanka ya huce da ita.

Babban abin shi ne 5kW ta yi wa HiAce yawa, dole kullum a ƙasa kake barin ta, ita kuma in ta daɗe a ƙasa baƙin hayaƙi ke taruwa a cikinta, balle a saman dutse inda iskar oksijin take da ƙaranci, sai ka ga tana farin hayaƙi tana ƙin tashi. Ni kafin na kashe sai na ƙure ta na ɗan lokaci ta ƙone dattin. Mai ƙaramar mota ya nemi 2kW, kuma ya haɗa da fulogi ɗaya na ajiya tun a gari, don ba za ka same shi a baƙala, wato kantin hanyar Tabuk, ba.