Hilux, L200, Ranger da manyan 'yan Amurka a yashin ƙasar Daura

Duk wanda ya tambaye ni a-kori-kurar da zai saya don dakon kaya a ƙasar Daura, Hilux mai fetur nake ce masa, inji 2.7, giyar hannu, mai jan ƙafa huɗu. Akwai waɗanda suka fi ta ƙarfi, akwai kuma masu sauƙin kuɗi, na riƙe wasu na tuƙa wasu. Sana'ata sayen riɗi da wake da gero a ƙauyukan Baure da Zango da Sandamu, da damina kuma in kai taki. Rabin hanyoyin da nake bi babu kwalta, yashi ne mai cin taya, don haka ma'aunina ya bambanta da na mai yawo tsakanin Kofar Kaura da GRA a Katsina.

Tun da aka saki naira a 2023 farashin mota ya daina zama wuri ɗaya, abin da dillali ya faɗa maka yau ba shi zai faɗa mako mai zuwa ba. Amma jerin tsadarsu bai sauya ba. Land Cruiser 79 ce a sama, sai Hilux, sai Isuzu D-Max, sannan Ford Ranger da Mitsubishi L200 da Nissan Navara su biyo baya. Kuɗin da zai saya maka tsohuwar Hilux zai iya saya maka L200 ko Ranger da ta fi ta ƙuruciya, har ka samu canjin sababbin tayoyi. Wannan ratar ce ke jan mutane, kuma ita ce ke jiranka ranar da ka tashi sayarwa. Hilux ko ta sha wuya, kana furta cewa za ka sayar dillalai za su cika maka ƙofar gida. Sauran sai ka yi ta roƙon a zo a gani.

Injin 2.7 ɗin nan, wanda kamfani ke kira 2TR-FE, silinda huɗu ne kuma sarƙa ke tafiyar da taimin ɗinsa, babu bel ɗin da zai tsinke maka a daji. Ba gwanin ja ba ne. Ka ɗora mata buhu 20 na taki, tan ɗaya ke nan, ka shiga yashi mai zurfi, za ka ji tana nishi, dole ka sauko giya biyu ka riƙe totur. Tana kuma shan mai, abin da muka fara ji a jiki sosai bayan cire tallafi a watan Mayun 2023. Abin da ya sa nake yafe mata duk wannan shi ne injin iri ɗaya ne da na Hiace da ake kira Homa, wadda ta cika tashoshin mota. Kowane bakanike a Daura ya buɗe shi ya rufe. In wani abu ya lalace da safe, ka kira kasuwar kayan gyaran mota ta Kofar Ruwa a Kano, a ba direban haya ta hanyar Kazaure, kafin la'asar kaya sun iso. A lokacin kaka, ranar da mota ta kwana a gareji wani ne zai kwashe riɗin da ka yi ciniki.

Hilux mai gas ta fi ja kuma ta fi tattalin mai, amma a raba ta biyu. Akwai tsohon inji 5L na lita 3, babu turbo mai ƙara wa inji ƙarfi, ba ya gudu, ba ya kuma tsirfa. Sai masu D-4D, wato 2KD na lita 2.5 da 1KD na lita 3, waɗanda ke fesa mai da matsi mai tsanani ta nozul masu ƙananan ƙofofi. Su bel gare su, ana canza shi a kilomita 150,000, akwai ma fitilar da ke tunatar da kai. Injuna ne masu kyau matuƙar man da ka zuba mai kyau ne. Na taɓa shan gas a jarka wajen wani ɗan bumburutu a hanyar ƙauye, washegari mota ta fara shaƙewa. Bakanikena ya kwance ƙasan filta ya tara a gorar ruwa, ya ɗaga ta saitin rana. Gas a sama, ruwa ya kwanta a ƙasa kusan yatsa biyu, da wani baƙin gari-gari.

"Alhaji, da ka ƙara kwana biyu a haka, nozul huɗu za ka saya," in ji shi.

Kuɗin nozul huɗu na asali ya isa ya cinye ribar kaka. Wanda zai sayi mai gas ya tabbata yana da gidan man da ya yarda da shi, kuma ya riƙa canza filta kafin lokacinta.

L200 mai inji 4D56 na ji daɗinta a yashi, ba ta da nauyi, ga sauƙin juyawa a lungu. Bel biyu gare ta a gaba, babba da ƙarami, kuma tare ake canza su, don in ƙaramin ya tsinke yakan faɗa cikin babban. Kanikawa sun san injin ba ya son zafi, ga shi mu a watan Afrilu zafin rana kan haura digiri 40. Wanda ya kula da lagireto, ya daina zuba mata ruwan rijiya, zai more ta a kan kuɗi kaɗan. Navara ban riƙe ta da daɗewa ba har in yanke mata hukunci. D-Max mai inji 4JJ1 sunanta mai kyau ne a ko'ina, kayan gyaranta ne ba su yawaita a nan ba.

Ranger mai 3.2, silinda biyar, ita ce ta fi daɗin tuƙi a cikinsu, tana hawa da kaya ba ka ji ba. Sai dai mota ce mai son bakanike mai karatu. Misali ɗaya: in an juye mata baƙin mai, ba a barin ta babu mai fiye da minti 10, don famfon man yakan kasa sake jawowa, a tayar da inji a bushe. Mu kuwa a gareji al'ada ce a kwance, a bar shi ya tsiyaye, a tafi sallah a ci abinci a dawo.

Sai manyan 'yan Amurka, Ford F-250 da Ram 2500 mai injin Cummins da Chevrolet Silverado 2500 mai Duramax. A ja tirela ko janareto, Hilux yarinya ce a gabansu, kuma wani lokaci za ka same su da arha har ka yi mamaki. A can ma ba duka ake yabo ba: injin Ford, Power Stroke 7.3 da aka daina a 2003, ya yi suna wajen ƙarko, 6.0 da ya gaje shi har 2007 ya yi suna wajen ƙona gasket. Daga 2007 aka sa musu matatar hayaƙi, daga baya aka ƙara tankin ruwan yuriya, duka an gina su ne kan gas mai tsabta wanda sulfa a cikinsa ba ta wuce kashi 15 cikin miliyan ba. Ga nauyi, mota ita kaɗai ta kai tan 3, in ta nutse a yashi sai tarakta. Ga faɗi, hanyar amalanke tsakanin gonaki ba ta ɗaukar ta. Wani abokin sana'ata ya sayi irinsu, ba zan kama sunan kamfani ba, tana can gareji a Katsina an lulluɓe ta da tamfol, ana jiran wata 'yar na'ura da ba ta kai tafin hannu ba.

Land Cruiser 79 mai injin 1HZ, lita 4.2, silinda shida, babu abin da zan ce a kanta sai sambarka. Kuɗinta ne ba na ɗan kasuwar hatsi ba.

Ita Hilux ɗin ma a buɗe ido wajen saye. Da yawa daga gwanjon ma'aikatu da kamfanoni suke fitowa, an more su iya morewa, an mayar da mita baya. A je da sassafe a tayar da ita inji na sanyi, a kalli hayaƙi. A duba takardun kwastan da kyau, don tun Janairun 2017 da aka hana shigo da mota ta iyakar ƙasa, motocin da suka biyo ta daji sun yi yawa a garuruwan bakin boda irin namu. Sannan akwai masu ɗaukar tsohuwar Hilux samfurin Vigo, wadda aka yi daga 2004 zuwa 2015, su sa mata fuska da fitilun Revo, samfurin da ya gaje ta, su yi fenti, su ɗora kuɗi. Lambar shasi da ke jikin ƙarfe ita za a karanta, a gwada da ta takarda, kafin a fara maganar nawa.