Daren Eddie Murphy da daren Elon Musk a SNL: wanne ya cancanci zamanka?

Ɗan'uwa, ka ce ka ga guntaye daga daren da Elon Musk ya jagoranci Saturday Night Live (SNL), shirin barkwanci na talabijin a Amurka, ka kuma ga wasu daga na Eddie Murphy, kana son ka zauna wa guda ɗaya cikakke, kana kuma tambayar da wane ma'auni ake cewa dare ya yi ko bai yi ba. Na kalli duka biyun tun daga buɗewa har sallama. Na Murphy za ka kalla. Sai dai akwai sharaɗi, zan zo kansa.

Kafin nan ya kamata ka san yadda ake dafa abin, domin shi ke sa a yi wa shirin adalci. Tun 11 ga Oktoba 1975 tashar NBC ke watsa shi kai tsaye daga New York, ƙarfe 11:30 na daren Asabar, minti 90 har da talla. A mako guda ake haɗa komai. Litinin a gana da baƙon da zai jagoranta, Talata marubuta su kwana suna rubutu, Laraba a karanta wasanni wajen 40 a zaɓi kaɗan, Asabar ƙarfe 8 a yi gwaji gaban 'yan kallo, sannan Lorne Michaels, wanda ya ƙirƙiro shirin kuma yake shugabantarsa, ya zubar da waɗanda ba su ci ba. Abin da aka yi cikin irin wannan gaggawar ba ya fita sumul. Ko daren da ya fi kowanne kyau, za ka tarar da wasa ɗaya ko biyu da suka yi lami. Saboda haka ni ba na ƙirga wasa nawa ne suka ba ni dariya. Abin da nake yi shi ne, a kowane wasa in cire baƙon a raina in sa wani a gurbinsa. In wasan ya rushe, baƙon ne ke ɗauke da shi. In ya ƙara kyau, to shirin ne ke goye da baƙon.

Ɗauki buɗe taro, wato jawabin da baƙo ke yi shi kaɗai a farko. Murphy ya fito ranar 21 ga Disamba 2019, shekara 35 rabonsa da jagorantar shirin. Ɗan gida ne: yana ɗan shekara 19 ya shiga a 1980, lokacin da Michaels ya bar shirin kuma yana tangal-tangal, shi ya riƙe shi har 1984. Ya tsaya ba ko ɗar, ya ce yanzu 'ya'yansa 10, ya yi shaguɓe ga tsohon ɗan barkwanci Bill Cosby, wanda a da yake masa wa'azin tarbiyya amma a lokacin yana kurkuku, shi kuwa yana gida yana reno. Sai ga 'yan'uwansa manyan 'yan barkwanci, Tracy Morgan, sai Chris Rock, sai Dave Chappelle, wanda ya dubi jerin nasu ya ce rabin kasafin kuɗin Netflix ne ke tsaye a dandalin.

Musk ya zo ranar 8 ga Mayu 2021. A gaskiya jawabinsa ne wuri mafi kyau da ya yi a daren, domin kansa yake takawa. Ya faɗi cewa yana da larurar Asperger, wadda ke wahalar da mutum wajen mu'amala da jama'a, ya tsokani kansa kan yadda muryarsa ba ta hawa ba ta sauka, ya kira mahaifiyarsa Maye ta fito tunda washegari ranar iyaye mata ce a Amurka. Ya ce shi ne mai wannan larura na farko da ya jagoranci shirin, ko aƙalla na farko da ya amsa, nan take mutane suka tuna masa da Dan Aykroyd, wanda shi ma ya ce yana da ita kuma ya jagoranta a 2003. Jawabin ba yabo ba fallasa. Daga nan ne hanya ta rabu.

A wasan asibitin matasa, Musk likita ne da ke ba da labarin mara lafiya da yaren 'yan zamani na intanet. Ka lura da idonsa. A SNL ana rubuta maganar kowa a manyan kwalaye, wani na riƙe da su gefen kyamara, kuma kowa karantawa yake, har tsofaffin hannu. Gwani yana satar kallo ya dawo kan abokin wasansa. Musk kuwa idon na kan kwali, kalma ta fito daidai amma ta makara da rabin daƙiƙa, barkwanci kuma a wannan rabin daƙiƙar yake mutuwa. Rubutun ma bai taimake shi ba, dabara ɗaya ce aka yi ta nanatawa, har aka soki wasan cewa salon maganar baƙaƙen fatar Amurka aka mayar abin dariya da sunan yaren matasa. Wasan kotu da ya sa kayan Wario, mugun nan na wasannin Nintendo, shi ma haka: abin dariyar duka shi ne ga ɗaya daga cikin manyan attajiran duniya da gashin baki na roba. Minti ɗaya ya ishe ka.

Yanzu dubi Murphy a gasar gasa kek. Wasa ne da aka taɓa yin irinsa da wani baƙon, ba don shi aka ƙirƙira ba. An ce kowa ya nuna abin da ya gasa, shi ya ce Sonic, bushiyar nan ta wasannin bidiyo, ya yi niyya, aka buɗe sai ga wani dodo mai haƙora. Abin da ya kashe ni ba kek ɗin ba ne, fuskarsa ce: yana bayani a natse, da ladabi, kamar mutumin da shi ma abin ya fara ba shi tsoro amma bai fid da rai da cin gasar ba. Har ashar ta suɓuce masa kai tsaye, ya toshe baki. A wasan ƙarshe kuma, lokacin da aka saba jefa ragowar da ba a yarda da su ba, ya fito a matsayin ɗan aikin Santa da ya ga farin beyar ta afka wa masana'antarsu, ana tambayar sunansa yana ihu cewa sunansa ba shi ne damuwa ba. A takarda wannan ba komai ba ne. Murya da numfashi ne suka mayar da shi abin da ake maimaita kallo. Cire shi ka sa wani, babu abin da zai rage.

Gwada wannan ma'aunin a daren Musk, za ka ga akasin haka. Wasan da ya fi fita shi ne Murdur Durdur, inda Kate McKinnon ke kwaikwayon 'yar sanda mai karin harshen yankin Philadelphia. An ɗauke shi tun kafin daren, kuma Musk leƙowa kawai ya yi. Wanda ke biye masa, na Pete Davidson a duniyar Mars, shi ma ɗaukakke ne, Musk kuma a matsayin kansa ya fito. Wato duk inda aka rage masa kaya, tafiya ta yi sauri.

A sashen labaran barkwanci na Colin Jost da Michael Che an sami abin kallo a dukkan dararen, amma iri daban. Murphy ya kutso da shigar Gumby, ɗan tsanan shirin yara da ya saba kwaikwaya a shekarun 1980, kore shar da sigari a hannu, yana masifar an manta da shi alhali shi ya ceto shirin, Jost da Che suka kasa riƙe dariya. Musk ya fito a matsayin masanin kuɗi, Che ya yi ta tambayarsa mene ne Dogecoin, wani kuɗin intanet da Musk ke yawan tallatawa, yana kewaye-kewaye, a ƙarshe ya amsa cewa dabarar tatsar kuɗi ce. A daren darajar Dogecoin ta faɗi da kusan kashi 30 cikin 100. Wannan labari ne babba, amma labarin kasuwa ne. Mutane da yawa suna rikita dare mai surutu da dare mai kyau. Na Musk shi ne na farko da aka watsa kai tsaye a YouTube zuwa ƙasashe fiye da 100, an yi mako biyu ana cacar baki a kansa tun kafin a yi shi. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Ko a yawan masu kallo a Amurka, na Murphy ya kusa miliyan 10, na Musk miliyan 7 da 'yan kai, kuma Murphy ya ci kyautar Emmy, lambar yabon talabijin a Amurka, ta farko a rayuwarsa da wannan daren a 2020.

A yi wa Musk adalci ta wuri biyu. Ba sana'arsa ba ce, kuma lokacin korona ne, ɗakin bai cika ba, dariyar 'yan kallo kuwa ita ce man da ke tura wasan kai tsaye.

To ga sharaɗin. Kusan rabin daren Murphy tuna baya ne. Mister Robinson, Buckwheat, Velvet Jones da Gumby duk halittunsa ne na shekarun 1980, kuma za ka ji ɗakin ya ɓarke da tafi tun bai buɗe baki ba. Idan ba ka san su ba, za ka zauna kamar wanda ya je bikin dangin da ba nasa ba. Na Buckwheat ma, ko ka san shi, ɗumame ne. Na Mister Robinson ne kaɗai aka yi wa sabon jini: kwaikwayo ne na shirin yara na Fred Rogers, sai dai shi talaka ne mai ɗan hali, yanzu kuma masu kuɗi sun saye unguwar, hayar ta fi ƙarfin kowa, shi kaɗai ya maƙale yana koya wa yara yadda ake zama a gidan da ba naka ba, kayan da ake ajiye wa maƙwabta a ƙofa suna ɓacewa.

Don haka kafin ka kunna, nemi tsofaffin guntayen Mister Robinson da Gumby, minti goma sun isa. Daga na Musk ka ɗauki Murdur Durdur da hirar Dogecoin. Kuma kada barci ya ɗauke ka kafin wasan farin beyar, shi ne na ƙarshe kafin sallama.