Ranar da na nemi maganin zazzaɓi a Fas

Kwana goma sha ɗaya da dawowata Fas ta ƙasar Maroko daga hutun da na yi a Marwa, garinmu a Kamaru, jikina ya soma abin da na san shi da shi tun ina yaro: ciwon gaɓoɓi, ɗacin baki, sai rawar sanyi da la'asar. Ban damu ba. Na gangara farmasin da ke ƙasan gidanmu na ce a ba ni Coartem, maganin zazzaɓin cizon sauro, kamar yadda mutum zai ce wa mai shago ya miƙo ashana.

Sau biyu matar ta sa na maimaita sunan, sannan ta ce ba su da shi, kuma kada in wahalar da kaina da zagaye. Da ta ji daga Kamaru na taso, sai ta ajiye abin da ke hannunta, ta rubuta mini sunan wani asibitin gwamnati, ta ce in tafi yanzu, kada in bari sai gobe. Na fita raina a ɓace. Ƙasar da ke da jirgin ƙasa mai gudun kilomita 320 a awa, a ce babu maganin da ake tallansa a tire a kasuwar Marwa?

A asibitin aka ɗebi jinina, aka tsare ni da tambayoyi: wace rana na shigo Maroko, a wane gari na kwana, da wa nake zaune, ko ina shiga gidan sauro. Can sai mai gwajin jinin ya leƙa waje ya kira wasu ɗalibai biyu. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa sa ido a madubin likita suna kallon jinina, suna magana ƙasa-ƙasa. Ashe ba su taɓa ganin ƙwayar cutar ba sai a littafi. Ina zaune a kan benci haƙorana na haɗuwa, kunya ta rufe ni. Abin da ba a ma kiransa ciwo a unguwar Domayo ta Marwa, shi ne yau ya zama abin kallo.

Likitan ya yi mini bayani cikin mutunci. Rabon da wani ya kamu da zazzaɓin cizon sauro a cikin ƙasarsu tun 2004, kuma a 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba su shaidar sun rabu da shi. Saboda haka duk wanda ya shigo da shi daga waje sai sun bi sawunsa. Ya ba ni magani, ban biya ko dirhami ɗaya ba. Bayan kwana uku wani ya kira ni a waya yana tambaya ko na shanye.

Da na gaya wa Inna, cewa ta yi: "Kai ɗan nan, zazzaɓin damina ne fa. Babu darbejiya a garin ne ka yi surace?" Ban ga laifinta ba, haka dukkanmu muka tashi. Mun mai da cutar baƙon shekara-shekara, ta zo da ruwa ta tafi da kaka, wani lokacin ta tafi da yaro ɗaya ko biyu daga unguwa, a yi zaman makoki, a ce kwana ne ya ƙare. Kwana na hannun Allah, ban musa ba. Amma Aljeriya ta samu irin wannan shaidar a 2019, Masar ta samu a 2024, kuma su ma Musulmi ne masu imani da ƙaddara.

Na san ba ɗaya muke da su ba. Sanyin hunturun Fas yana rage sauro, mu kuwa ga ambaliyar kogin Logon, ga gonakin shinkafar Yagwa da Maga. Kuma ba za a ce hukuma ta naɗe hannu ba. Tun 2016 ake bi gida-gida da damina ana ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar maganin kariya a jihohin Arewa da Arewa Mai Nisa. A Janairun 2024 Kamaru ce ta fara sanya allurar rigakafin cutar cikin jerin alluran yara na yau da kullum. Mun kuma sa hannu a muradun ci gaba na Majalisar Ɗinkin Duniya, waɗanda suka ce a ga bayan wannan annoba kafin ƙarshen 2030.

To amma da idona na ga gidan sauron da aka raba kyauta an kewaye lambun kuɓewa da shi don kada awaki su shiga. Na ga uwa ta karɓi maganin kariyar ta yi godiya, masu rabon na juya baya ta cusa shi ƙarƙashin tabarma, wai an ce yana hana haihuwa. Kwatar ƙofar gidanmu kuwa shekara nawa ana jiran ma'aikatan magajin gari su zo su yashe, alhali akwai samari bakwai a gidan. Su ma masu farar riga ba su tsira ba. A watan Agusta na kai ɗan ƙanwata wani asibiti jikinsa kamar garwashi. An ce maganin yara irinsa kyauta ne, amma kafin mu fito, tsakanin kati da gwaji da takardar da aka tura mu farmasin waje da ita, jaka shida ta sefa ta tafi.

Kwanakin da na yi a kwance kuwa, babu wanda ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. Maƙwabcina na shekara biyu bai ma san ba ni da lafiya ba. Da a gida ne, da tuni an cika ɗakin da "sannu", ga kunun tsamiya daga gidan Goggo, ga farfesu daga maƙwabta, har sai na gaji da amsa gaisuwa. A nan shayin na'ana'a na riƙa dafa wa kaina ina jingine da bango, ina jin kiran sallah daga nesa.

Yaya, na tura kuɗi ta hannun wanda ka sani. A sayi gidan sauro uku, ɗaya na ɗakin Inna, biyu na yara, kuma don Allah ka tsaya a ɗaura su a gabanka. Ni an ce in koma ranar Litinin a sake duba jinin.